Na ɗauko fararen ɓeraye biyu daga lab, Hajiya ta ce ba a gidanta ba

Hafsat Y.
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san yawancinmu a nan kaji da zomo da tattabaru muke kiwo amma ban da inda zan kai tambayar nan sai wajenku. Mun gama aikin furojet a sashenmu na haɗa magunguna, to fararen ɓerayen nan da ake gwaji da su mun sayo da yawa sai guda biyu suka yi saura, ba a taɓa yi musu allura ba ba a ɗura musu komai ba, rara ne kawai. Mai kula da ɗakin dabbobin ya ce shi ba shi da wajen ajiye su kuma ba kuɗin abinci, zai haɗa su da sauran ya kashe. Wlh ina tsaye ɗaya ta taso ta dafa wayar kejin tana shinshinar yatsana, na kasa tafiya. Na roƙe shi ya ba ni, ya ce duka mata ne. Yanzu haka suna cikin bokitin fenti na huhhuda murfin. Matsalar Hajiyarmu ta ce ita ba a gidanta ba, wai mutane na sayen shinkafar ɓera da kuɗinsu ni kuma na kwaso na kawo mata. Don Allah wanda ya san yadda ake kula da su ya taimaka min, me suke ci, wane irin gida ake musu, kuma akwai cutar da za su iya sa mana? Ba na so in cece su daga can su zo su mutu a hannuna.

Alhaji Garba Mai Tattabaru
Wa alaikumus salam. 'Yata ki bi maganar mahaifiyarki. Ɓera ɓera ne ko fari ko baƙi. Ni ƙwan tattabaruna da 'ya'yan da suka cinye min Allah kaɗai ya san yawansu. Ki kai su bayan gari ki sake su, kin fita hakkinsu kin kuma zauna lafiya da Hajiya.

Maman Walid
Innalillahi Hafsat a wannan zamanin na Lassa?? Ke da kike karatun magani ma. Akwai yara a gidan? Don Allah ki fitar da su yau ɗin nan kar ki kwana da su

Dakta Bello (likitan dabbobi)
Salam. Bari in fara da maganar Alhaji, da girmamawa. Sakin su a bayan gari kisa ne, sai dai kisa mai wahala. Waɗannan a keji aka haife su, iyayensu da kakanninsu ma haka, ba su san neman abinci ba ba su san gudun mage ba, ga su farare tas shaho zai hango su daga nesa, idonsu kuma ja ne ba ya jure rana. In dai ba za a riƙe su ba gara a mayar wa mai lab ɗin ya kashe su cikin gaggawa.

Maman Walid tsoronki a kan hanya yake amma ba wannan ɓeran ba ne. Mai ɗauke da Lassa wani jinsi ne daban, Mastomys, ɓeran daji da ke shigowa gidaje da rumbuna, macensa tana da nonuwa da yawa har sukan kai 24, shi kuma na lab jinsin ɓeran gida ne Mus musculus mai nono 10. Wanda aka haifa a ɗakin kiwo bai taɓa cuɗanya da na daji ba ba shi da inda zai samo ta. Inda haɗarin yake shi ne nan gaba: in Hafsat ta bar abincinsu a buɗe, ko tsaba na zubewa a ƙasa, to ta buɗe wa na dajin kantin abinci kenan a ɗakinta. Wannan shi ne abin da za a tsare.

Hafsat abu na farko ki fitar da su daga bokitin nan. Fitsarinsu na tara wari mai yaji a waje rufaffe, shi ke lalata musu huhu, kuma ciwon numfashi na cikin abin da ya fi kashe su. Ga zafi. Yau ki cire murfin gaba ɗaya ki ɗaure bakin da ragar waya mai ƙananan ido ki ajiye a inuwa, kafin a haɗa keji.

Hafsat Y.
Na gode sosai Dakta, yanzu zan cire. Maman Walid akwai ƙanina ɗan shekara takwas amma na hana shi taɓawa. Baba Alhaji na ji, wlh ba raina Hajiya na yi ba, lallashinta nake so in yi

Nas Rabi, Bauchi
Ni dai ina so in yi magana don na ga Lassa da idona ba labari ba. Jiharmu na cikin inda ta fi kamari tare da Ondo da Edo da Taraba, kuma daga kaka zuwa bazara ne lokacinta, wajen Disamba zuwa Afrilu. Sunanta ma daga garin Lassa ne na jihar Borno inda aka fara gano ta a 1969, ma'aikatan jinya ta fara kashewa, kuma har yau mu ma'aikatan asibiti muna cikin wanda take ɗauka, ku tuna farkon 2020 a Kano da likitoci suka rasu. Tana farawa kamar maleriya, mutum ya yi ta shan maganin zazzaɓi a kemis sati ya wuce, kafin a kawo shi an makara, wasu da suka warke ma sai ka ga sun kurmance. To na yarda da Dakta cewa farin na lab daban ne, ban musa ba. Abin da nake tsoro shi ne mutane su karanta wannan su ce ashe kiwon ɓera ba komai, gobe yaro ya kamo na kicin ya sa a gwangwani. Yawancinmu ba za mu iya bambance Mastomys da ɓeran gida da ido ba, ballantana yaro.

Dakta Bello (likitan dabbobi)
Sista Rabi gaskiyarki, kuma in ƙara, ko ba Lassa ba ɓera yana da nasa. Akwai wata ƙwayar cuta LCMV da ke jikin ɓeran gida, ga mai lafiya sau da yawa mura-mura ce ta wuce amma tana illa sosai ga ɗan da ke ciki, shi ya sa mai juna biyu ba ta share kejin ɓera ko na lab ne. Akwai kuma salmonella mai sa gudawa. Maganinsu wanke hannu da sabulu bayan an taɓa, kar a sumbace su, kar a wanke kayansu a inda ake wanke-wanke.

Sadiq Kurna
To ni ma bari in shigo da tawa tunda an taɓo. Jiya na ɗaga buhun abincin kaji a sito na tarar da 'ya'yan ɓera jajaye ko ido ba su buɗe ba, uwar kuma ta maƙale a gam ɗin da na shimfiɗa tana ta kuka. Gsky abin ya taɓa ni. Zan iya rainon 'ya'yan da madara kamar na Hafsat?

Nas Rabi, Bauchi
Kun gani ko, abin da nake faɗa kenan. A'a Sadiq, don Allah a'a. Kar ka taɓa da hannu. Sa safar hannu ko leda biyu, rufe hancinka, ka yayyafa ruwan Jik ko Hypo a wajen ya jiƙa tukun sannan ka kwashe, kar ka share a bushe ƙurar ta tashi ka shaƙa.

Dakta Bello (likitan dabbobi)
Sadiq abin da Sista ta faɗa. Ba ka san jinsinsu ba, kuma uwa mai Lassa tana ba 'ya'yanta tun suna ciki ita kanta lafiyarta ƙalau ba alamar komai. Bayan haka jariran da ba su buɗe ido ba kusan duk awa biyu suke buƙatar nono dare da rana, sai an shafa musu mara kafin su yi fitsari, yawancinsu mutuwa suke a hannun mai raino bayan sun sha wuya. Tausayin da za ka yi musu shi ne ka gama da su nan take, ita ma uwar haka, bugu ɗaya mai ƙarfi a ka, ka binne da zurfi. Kuma ina roƙonka ka bar gam ɗin nan. Dabba takan kwana ta wuni a manne tana fizga har fatarta ta yage, tana fitsari a wajen wanda shi ne ma hanyar cutar. A Ingila tun 2024 an hana mutanen gari amfani da shi sai mai lasisi. Tarkon ƙarfe mai bugu ɗaya ya fi, sannan ka ɗora buhunan a kan katako ko ka zuba a duro mai murfi ka toshe ramuka da siminti. In ɓera da sata daddawa ma da wari.

Sadiq Kurna
Na gane. Zan yi yadda kuka ce insha Allah

Malam Sani
Assalamu alaikum. An yi maganar lafiya, bari a yi ta addini don na ga ba wanda ya taɓo. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ambaci dabbobi biyar fasiƙai da ake kashewa ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Ya kuma yi umarni a kashe fitila in za a kwanta saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙona gida. Saboda haka malamai da yawa ba sa ganin dacewar a ajiye abin da shari'a ta ba da izinin kashewa ana ciyar da shi. Ni ma nan na fi karkata. Sannan 'yar uwa, gidan na mahaifiyarki ne, biyayyarta wajibi ce a kanki, kiwon nan kuwa ko an ce ya halatta bai wuce halas ba, ba a barin wajibi don halas.

Amma in faɗa wa matasanmu, izinin kisa ba izinin azabtarwa ba ne. Hadisin Shaddad bn Aus a Muslim ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. Abin da yara ke yi a unguwanni su kama ɓera su zuba masa fetur su kunna suna ihu haramun ne, ba mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta.

Aunty Bilki
Malam Allah ya ƙara ilimi. Amma ina da tambaya, ba gardama ba. Ai dalilin da ya sa aka kira shi fasiƙi ɓarnarsa ce ko? Cin abincin mutane, yaga kaya, jawo gobara. To wannan da aka haifa a keji bai taɓa ɓarnar ƙwayar gero ba, mutane ne ma suka haifar da shi don amfanin kansu, suka gama suka ce a kashe. Ga kuma hadisin mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa, aka ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Ni abin da Hafsat ta yi ya burge ni wlh, zuciya mai tausayi ba a ko'ina ake samunta ba yanzu.

Malam Sani
Tambaya ce mai kyau Hajiya Bilki. Imam Nawawi a sharhin wannan hadisin ya ce ana nufin dabbar da ba a yi umarnin kashe ta ba, wasu malaman kuma sun bar shi a kan faɗinsa. Maganar cewa hukuncin na bin ɓarna ne tana da fuska, shi ya sa ban ce mata ta yi haramun ba, na faɗi inda na karkata ne. Abin da ba saɓani a kai guda biyu ne. In ta tsare su to cinsu da shansu ya hau kanta, ta tuna matar da ta shiga wuta saboda mage da ta kulle ba ci ba sha. Na biyu ta ɗauki fitsarinsu da kashinsu a matsayin najasa, ta kiyaye tufafin sallarta da wajen da take sallah.

Ɗan Maraɗi
Mu nan kusu abokin gaba ne, manomi ya yi wahalar damana ya sa hatsi a rumbu ya zo ya iske rabi gari. In ka ce ma tsohona kana kiwon kusu ba zai gane mi kake nufi ba. Amma ni na ga irin fararen wajen wani lokotoro, gaskiya ba su da hali irin na namu, a tafin hannunshi suke zama su yi wanka da hannuwansu. Ba na zarginki ƙanwata. Ki dai tabbata ba su tsere ba.

Usman Injiniya
Wani abu da mutane ba su sani ba, su ɓerayen lab ɗin nan asalinsu na kiwon sha'awa ne. A Japan da Sin an daɗe ana kiwon masu launi-launi, a Ingila har ƙungiyar masu kiwonsu aka kafa a 1895 ana gasar wanda ya fi kyau kamar yadda Alhaji Garba suke yi da tattabaru. Sannan wata tsohuwar malamar makaranta a Amurka Abbie Lathrop ta buɗe gonar kiwonsu a jihar Massachusetts wajen 1900 tana sayar wa masu sha'awa, sai masu bincike na jami'ar Harvard suka fara saye a wajenta, da yawa daga cikin irin da ake gwaji da su yau daga nata suka fito. Kenan sama da shekara ɗari suna hannun mutum. Magungunan da muke sha kuwa da wuya ka sami wanda bai bi ta jikinsu ba kafin ya zo kemis. In biyu sun tsira an ba su gero su ƙarasa kwanansu ni ban ga asara ba.

Alhaji Garba Mai Tattabaru
Injiniya kar ka haɗa min tattabara da ɓera. Tattabara ana ci ana sayarwa ana kai wa mara lafiya. Wannan fa? Ni dai na faɗi nawa, yarinya ta nemi albarkar uwarta.

Hafsat Y.
Na gode muku duka har da wanda suka ce a'a, na karanta komai. Na samu Yayanmu babba na nuna masa bayanin Dakta da na Malam, shi ya je ya yi wa Hajiya magana. Ta yarda amma da sharaɗi, ba za su shigo cikin gida ba sai dai rumfar da muka taɓa ajiye zomaye a baya, ba za a taɓa mata kwano ko tsintsiya ba, kuma ranar da ta ga sun zama uku ranar za su bar gidan. Na amince. Da ta ce a'a bayan Yaya ya yi magana da na nemi wanda zai karɓa. Yanzu saura keji da abinci, Dakta don Allah a yi min dalla-dalla.

Dakta Bello (likitan dabbobi)
Madalla, haka ya kamata. To ga shi.

Keji: abin da ya fi sauƙi a nan shi ne babbar robar ajiye kaya mai zurfi irin mai haske ɗin nan, a yanke tsakiyar murfin da gefe ɗaya a sa ragar waya. Idon ragar kar ya wuce milimita 6, duk ramin da fensir zai shiga ɓera ƙarami zai bi. Kejin zomo ko na tsuntsu ba zai yi ba, fita za su yi kuma na waje zai shigo. Ƙasan ya zama shafaffe kar su taka waya tana ji musu ciwo a ƙafa. Ki zuba shimfiɗa mai kauri don suna son tono. Takarda da aka yayyaga ko tishu mara turare ya fi, garin katakon da muke zuba wa kaji in mai laushi ne ƙurarsa na shiga huhunsu, in mai ƙamshi ne ma ya fi muni, in dole ne ki nemi mai manyan ɓawo ki tankaɗe ki shanya. Auduga kar ki sa, zarenta na naɗe musu ƙafa. Ki sa musu wajen ɓuya, ƙaramin kwali ko kwalin tsakiyar tishu, ɓeran da ba shi da maɓoya kullum a firgice yake. Ki sa ɗan itace busasshe mara fenti su dinga gwaguya saboda haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro har su mutu, in ba sa goga su sai su hana su cin abinci.

Abinci: ɗaya ba ta wuce giram 3 zuwa 5 a rana, wajen cokalin shayi ɗaya kenan. Ki tambayi mai lab me yake ba su, yawanci pelet ɗin kaji ne na masu tasowa, ki fara da shi kar ki canja musu lokaci ɗaya, sannan a hankali ki haɗa da gero, dawa, alkama, ɗan masara. Sau biyu ko uku a sati ɗan karas ko kokwamba ko kabewa kamar girman farcenki, da ɗan dafaffen ƙwai. Gyaɗa ƙwaya ɗaya jefi-jefi, tana sa su ƙiba kuma mai fumfuna guba ce. Ban da albasa, tafarnuwa, yaji, ɗanyen wake, cakulan, alawa, da duk abin da ya ji maggi da mai. Ɓera ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Maimakon kwano ki dinga watsa tsabar cikin shimfiɗa su nema, yana ɗebe musu kewa. Da yamma za ki ba su don da dare suke harkarsu, da rana ki bar su su yi barci. Ruwa kullum, a robar nan mai bakin ƙarfe ta zomo ƙarama, ki dinga taɓa bakin kina tabbatar yana ɗiga.

Ɗauka: kar ki ɗaga su ta wutsiya ko da kin ga ana yi a lab. Bincike a jami'ar Liverpool a 2010 ya nuna hakan na sa su tsoro sosai, wanda ake ɗauka a tafin hannu ko a cikin ɗan bututu sun fi sakin jiki. Ki bari ta shiga kwalin tishu ki ɗaga ki juye ta a hannunki, kina zaune a ƙasa saboda ko ta yi tsalle.

Shara sau ɗaya a sati, amma ki bar musu ɗan tsohon sheƙarsu a mayar, ƙamshin kansu ne ke sa su natsu. Ba a yi musu wanka.

Na ƙarshe, ki sani tun yanzu ba sa daɗewa. Shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wadda ta kai uku ta yi tsawon rai. Matan kuma in sun tsufa sukan yi ƙari a jiki.

Maman Walid
Rumfar kwano ce ko? Don in ta kwano ce a watan Afrilu ko zomo ma mutuwa yake ballantana wannan ɗan abu

Dakta Bello (likitan dabbobi)
Yauwa wannan shi ne babban abin da zai iya kashe su a ƙasarmu. A lab ana riƙe su ne wajen digiri 20 zuwa 24, mu kuma bazara tana haura 40, kuma ba sa gumi kamar mu. In kin ga ta baje a ƙasa tana haki bakinta ya jiƙe to zafi ya kama ta. Ki ajiye robar a ƙasa ba a sama kusa da kwano ba, inda iska ke wucewa rana ba ta taɓawa. Ki kifa ƙaramar tukunyar ƙasa mai fasasshen baki a ciki ki dinga jiƙa bayanta, ko ki sa ɓallin tayil su kwanta a kai. In da wuta ki daskarar da fiya wata ki naɗe a tsumma ki jingina a jikin robar ta waje. Jiƙaƙƙen buhu a kan rabin ragar ma yana taimakawa, rabi fa ba duka ba. Da hunturu kuma ki ƙara musu takarda ki kare su daga iska da ƙura.

Auwal Kafinta
Hajiya Hafsat in a Kano kike ki sayo robar da ragar ni zan haɗa miki ba sai kin biya aiki ba. Ki ce a ba ki raga ta ƙarfe mai ƙaramin ido, kar ki karɓi ta sauro ta roba a dare ɗaya za su huda ta. Zan sa sakata a murfin saboda mage.

Hafsat Y.
Allah ya saka da alheri Malam Auwal, Yaya zai kawo maka. Dakta akwai abin da ya tayar min da hankali. Ɗaya cikinta ya fara fitowa ta gefe biyu kuma sai tara takarda take a lungu tana ci kamar me, ɗayar kuwa tana nan yadda take. Ciwo ne ko abin da nake tsoro ne? Na tura maka hoto

Aunty Bilki
Kai, ga kuma sharaɗin Hajiya

Dakta Bello (likitan dabbobi)
Na ga hoton. Ciki ne, kuma ya tsufa. Ɗayar na duba mace ce, kenan da cikin kika ɗauko ta, tana yiwuwa an taɓa haɗa su keji ɗaya da maza kafin a ware. Cikinsu kwana 19 zuwa 21 ne kacal kuma ba ya nunawa sai ya kusa, saboda haka ki sa rai cikin 'yan kwanakin nan. Takan haifi shida zuwa goma, wani lokacin fiye.

Ki daina ɗaukarta. Ki share kejin yanzu ki cika takarda, bayan ta haihu kar ki taɓa sheƙar har sati ɗaya ko fiye, in ta tsorata tana iya cinye su. Ki ƙara mata ƙwai da abinci ruwa kar ya yanke. 'Yar uwar tata ki bar ta a ciki, mata sukan taya juna raino.

Alhaji Garba Mai Tattabaru
Abin da nake gudar miki kenan 'yata. Je ki faɗa wa Hajiya da bakinki yau kafin ta gani da idonta.

Hafsat Y.
Zan faɗa mata in ta dawo daga unguwa Baba. Zan roƙe ta ta ba ni lokaci har a yaye su in raba. Amma wa zai karɓa?

Malama Hadiza
Ni ina koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata, zan iya karɓar mata biyu in ajiye a gidana in dinga kai wa ɗalibai suna gani. Mata kawai fa, ba na son su yi ta haihuwa. Ya ake gane su?

Dakta Bello (likitan dabbobi)
Da sauƙi in an duba a kan lokaci. Wajen kwana 9 zuwa 12 gashi ya fara fitowa bai rufe ciki ba, ki juya ki duba, matan za ki ga ɗigon nonuwa a jere, mazan ba su da nono sam. Sannan tazarar da ke tsakanin dubura da al'aura ta namiji ta kusa ninka ta mace. Hafsat ki ware mazan da sun cika sati huɗu kar ki ƙara kwana, don daga sati biyar zuwa shida suna iya yi wa uwarsu da 'yan uwansu ciki. Matan ba za su yi wuyar samun gida ba, a ba da su bibbiyu kar a ba da ɗaya ita kaɗai. Mazan ne aikin, suna da wari kuma in sun balaga faɗa suke har su ji wa juna rauni, sau da yawa sai kowa da kejinsa. Ki koma wajen mai kula da ɗakin dabbobin tun yanzu ki tambaye shi ko zai karɓi mazan, in ya ƙi ki sanar da ni in tambayi abokan aiki. Malama Hadiza ke kuma ki haɗa kejinki kafin lokacin, kuma ɗalibai su kalla kawai kar a dinga miƙa su hannu zuwa hannu.